Shari'ar dala 25

A birnin New York, tarar riƙe buɗaɗɗiyar kwalbar giya a titi dala 25 ce kacal, ana ma iya biya ta gidan waya. Amma da ɗan sanda ya rubuta wa wani ɗalibi da muke ɗaki ɗaya wannan tara, ya rantse sai ya ga alƙali. Hujjarsa kuwa, wai kwalbar tana cikin jakar takarda, kuma ajiya aboki ya ba shi. Ya ari kwat ɗina, ya tsallake lacca, ya kwana gaban madubi yana haddace jawabi. Ko baki bai buɗe ba aka kori ƙarar, don ɗan sandan bai rubuta irin giyar ba. Da daddare aka yi shagalin nasara. Har yau kwat ɗin nan warin giya yake.