Ranar da Fijo Ta Yi Jini

Motar gado ce: Peugeot 504 ƙirar 1980 mai giyar otomatik, irin wadda ba kasafai ake gani ba ko a Kaduna, inda aka soma harhaɗa Fijo tun 1975. Injinta ya buga, aka gyara, saura mayar da giyabos. Da makanike ya faɗi kuɗin aiki sai na ce a raina ai notuna ne kawai, ni ma ina da sifana. Ranar Asabar na shimfiɗa kwali a ƙofar gida na shige ƙarƙashinta.

Motar otomatik ba ta da kulochi. A madadinsa akwai kwambata, wani dunƙulen ƙarfe cike da mai, wanda ke karɓar juyin inji ya miƙa wa giya. A bayan inji kuma akwai siririn faifan ƙarfe da ake ɗaure ta a jikinsa. Na zura kwambata a bakin giya, na ji ta shiga, ni da ƙanena muka ɗaga giyabos da jak muka saita. Ya ƙi haɗuwa da inji. Rata ta rage kamar kaurin yatsa.

A nan Baba Direba ya jawo benci. Ya daɗe yana jan Fijo a hanyar Kaduna zuwa Zariya, bai taɓa tuƙa otomatik ba, amma hakan bai hana shi komai ba.

"Yaro, shafa mata manja."

"Baba, ba tsatsa ba ce."

"To cire kan batir. Wuta ce ke ture ta."

Na cire don girmamawa. Rata tana nan. Ya ce a rage iskar tayar baya, mota ta sunkuya, giya ta faɗa da kanta. Majalisa ta cika, kowa ya leƙo. Can na hango takalman surukina, ya zo gaisuwa ya tsaya kallo. To wa zai fito daga ƙarƙashin mota a gaban suruki ya ce ya kasa?

Na sa dogayen notuna na fara ɗaurewa, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Rata tana raguwa, ana cewa "Yauwa!" Sifana ta yi nauyi, na tokare ƙafa da taya na ja.

Ƙas.

Ba wata ƙara ba ce babba. Ko wanda ke tsaye a bakin ƙofar mota bai ji ba. Ni kaɗai na ji, ta sifana ta bi hannuna har haƙorana. Noti ya yi laushi nan take, giya ta manne da inji lif, majalisa ta ɗauki tafi. Har yanzu in na kwanta ina jin ta: nauyin sifana, numfashin da na riƙe, ƙas, sannan muryar surukina yana cewa, "Ashe yaron nan injiniya ne!" Na ce wa kaina ƙarar zama ce, haka Fijo take yi in ta zauna daidai.

Da la'asar na tayar da ita. Na sa giya, na taka totur. Inji yana kuka, mota ko gezau. Na sa ribas, haka. Sai wani yaro ya durƙusa ya ƙwala ihu: "Mota tana jini!" Jan man giya ne ke ɗiga yana bin kwalina.

Baba Direba ya miƙe ya gyara hula. "Ku tura ta. Babu Fijon da turi bai tayar ba."

"Baba, ai ta tashi. Tafiya ce ta ƙi."

"To a tura ta saba."

Aka kuwa tura, surukina har da naɗe babbar riga.

Washegari makanike ya turo yaronsa, wanda ko gemu bai fara ba. Ya sauke giyabos ya nuna mini famfon man giya a fashe. Ya ce kwambata hawa-hawa take shiga: sai an riƙa juya ta ana turawa har ta kama sandunan giya, sannan wuyanta ya faɗa cikin famfo. In ta zauna, giya za ta haɗu da inji da hannu kawai, kwambata ta riƙa juyawa sakayau, da ratar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da faifan, sai a jawo ta a ɗaure. Tawa ba ta kai famfo ba, notuna suka cusa ta da ƙarfi. Ba famfo, ba matsin mai, ba tafiya.

Baba Direba ya saurara har ƙarshe, ya ce da an shafa manja da ba a kai ga haka ba.

Duk mai famfon giyar ZF 3HP22, irin ta motata, a ajiye, don Allah ya neme ni, amma kada ya biyo ta gidan surukina.