Fasinjojin Hanyar Randagi, Kowa da Salon Biyansa

Wanda zai tashi daga Randagi zuwa Kaduna sai ya fara sauka Birnin Gwari, sannan ya kama titin da ya bi ta Udawa da Buruku ya faɗa Mando, tafiyar sama da kilomita 100. An yi shekaru ba a shiga wannan hanya sai da addu'a da rakiyar jami'an tsaro. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, har kasuwar shanun Birnin Gwari ta koma ci, motoci suka dawo tasha. Fasinjoji ma suka dawo, kowa da halinsa, ko ƙura bai yi ba.

Ga Baba mai tsohon farashi. Shi kuɗin mota a wurinsa yana nan inda ya bar shi kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ɗan kamasho na faɗin kuɗi sai ya dafe ƙirji ya ja salati: "Haba ɗan nan, Makka za ka kai ni?" Daga nan sai tarihin ranar da ya je Kaduna ya dawo da canji har ya sayi tsire. Yana cikin labari mota ta cika ta tashi. Ta bayanta zai shiga, ya biya abin da ya ƙi biya, ga rana ta gama dukansa. Da tun a gida ya tambayi wanda ya yi tafiya jiya, da ya huta.

Sai Hajiya mai kujera ɗaya. Buhun masara biyu, jarkar man gyaɗa, kaji uku ɗaure da tsumma, duk a wurinta "kayan hannu ne". Ga kuma yaro a bayanta wanda ya kusa sauke Alƙur'ani. "Inna, wannan fa?" "Ai ɗan yaye ne, a cinya zan riƙe shi." Gaskiya ta faɗa, sai dai ba ta ce cinyar wa ba. Kafin a kai Buruku ƙafar maƙwabcinta ta mutu murus, kaza kuma ta yi masa ado a takalmi. Amma a yaba mata abu guda: ba ta yarda a ɗaure mata kaya sai an gama cinikinsu. Igiya na hawa kan buhu, farashi ya koma hannun yaron mota.

Akwai mai kama wuri da hula. Ya ɗora ta a gidan gaba, ko sisi bai biya ba, ya tafi teburin mai shayi ya ce a soya masa ƙwai. Ya dawo ya tarar da wani ƙato a kujerar, hular tana rataye a madubi. A tasha, kujera ta wanda kuɗinsa ya shiga hannu ce.

Ɗan taransifa kuwa ɗan zamani ne, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya haife shi, kuma har yau bai yarda an wuce wurin ba. "Na tura, Oga, duba wayarka." Direba ya duba, shiru. Shi ya nuna tasa, ga shaida ɓaro-ɓaro. Sai a fita neman sabis, a ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, mota guda tana jiransu. Wanda ya san dajin Kamuku da kewayensa ya san sabis ba abin dogaro ba ne. Ka biya wurin mai POS tun da wuri, ka nemi ƙananan kuɗi, don "babu canji" ma wata hanyar ƙarin kuɗin mota ce.

Kada a manta da fasinjan bogi, wanda ake zaunarwa don mota ta yi kamar saura mutum ɗaya. Ba shi da jaka, silifas ne a ƙafarsa, kuma yana kiran direba da laƙabinsa. Kana biya ka zauna, sai ya ce bari ya kama ruwa. Ka gan shi ke nan.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Alhaji "na san wani a ciki". Ya iso Kaduna zai hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja. Tun 2021 ake sayen tikitin ta intanet, kuma bayan harin 28 ga Maris 2022, da jirgin ya dawo aiki a watan Disamba, sai da lambar NIN. Alhaji ya raina wannan duka, ya saya hannun wani a bakin ƙofa, ya biya ninki. Aka zo tantancewa, ga gemu har ƙirji, tikiti kuwa da sunan mace. Ƙaninsa ne wanda ke zuwa filin dambe ko gidan kallon ƙwallo ya bi bayan wani babba yana ce wa mai ƙofa, "Tare muke."

Na ƙarshensu ba ya ba ni dariya sosai. An miƙo takardar da fasinja ke rubuta sunansa da lambar wani nasa, sai ya yi tsaki ya zana sunan ƙarya da lambar da ba ta cika ba, wai kada a san sirrinsa. Mutanen Randagi da Kakangi sun fi kowa sanin daren da iyali ke kwana suna jiran waya ta yi ƙara. In tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, da wannan takarda ake nemo dangi. Don Allah, ɗan'uwa, in ta iso hannunka ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar wanda zai ɗauka in an kira.