Yadda Ake Gyara Kicin da Kuɗin Adashi

Da farko dai, kada ka yi shela. Magidancin da ya tara iyali ya ce wata mai zuwa za a gyara kicin, ya ɗaura wa kansa bashi. Uwargida za ta kai labarin gidan suna, kafin mako ya zagayo ƙanwarta ta turo hoton wani kicin na Dubai ta WhatsApp, mai farin marmara da fitila a ƙarƙashin kowace kanta. Naka kuwa taku uku ne a tsaye, biyu a kwance. Ka ce za a ɗan taɓa shi in Allah ya hore. Babu alƙalin da zai kama ka da wannan.

Sai maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya adana naira yana jiran ta cika ya yi aiki gaba ɗaya, farashi yake wa gadi. Ga shi kuma kuɗin gyaran kicin suna da dangi: biki, suna, kuɗin makaranta, da abokin da zai biya ranar Juma'a bai faɗi wace Juma'ar ba. Saboda haka ranar da ka kwashi adashi, kada ka biya ta gida. In a Kano kake, zarce Ƙofar Ruwa ka mayar da kuɗin rodi da bututu da kan famfo da kwamin wanke-wanke, ka tura su ƙarƙashin gado. Har yau ba a ji wanda ya zo rancen bututu ba.

Siminti ne kaɗai ba a yi wa wannan dabara. Buhun kilo 50, na Dangote ne ko na BUA, in ya kwana biyu yana shan danshi sai ya daskare, ka wayi gari da dutse mafi tsada a unguwa. Ka saya ranar da birkila ya tsaya a ƙofar gida da cokalinsa a hannu. In tilas ne a ajiye, a ɗora kan katako, nesa da bango.

Zuciya za ta ce a fara da tayil da fenti, domin su baƙo yake gani. Ka ƙi ta. A fara da kwanon da ke yoyo tun kafin damina ta sauka, sannan bututun ruwa da magudana, sannan wayar lantarki, sannan daɓe. Wanda ya juya wannan jeri zai ga mai gyaran famfo ya shigo da guduma yana fasa tayil ɗin da aka shimfiɗa jiya, yana kuma ba shi haƙuri cikin ladabi: gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kafin ka sallami mai daɓe, kwarara bokitin ruwa a ƙasa a gaban idonsa. In ruwan ya nufi magudana, madalla. In ya nufi lungun buhun shinkafa, ku koma ciniki.

Shi birkila mutumin kirki ne, sai dai yana da aiki a wasu gidaje uku, kowanne ya ce masa gobe in sha Allah. Ranar karɓar kafin alƙalami kai Alhaji ne, ko da ko filin jirgi ba ka taɓa leƙawa ba. Ka amsa, ka ba shi kaɗan, sauran sai aiki ya kammala. A kuma ja wa uwargida kunne kan abincin ma'aikata. In miyar ta cika daɗi, aikin kwana biyu yakan kai mako.

Kanta kuwa, kafinta zai kawo maka hoton kabad na allon nan mai sheƙi da ake matsawa daga garin katako. Kyakkyawa ne har ranar da ruwan wanke-wanke ya same shi, ya kumbura, ƙofar ta daina rufuwa. Araha ba ta ado. A zuba kantar kankare da rodi, a yi mata ban ruwa na mako guda, gara ta zo ta duba ta koma. Ƙofofin ƙasa sai kwasar adashi ta gaba. Kafin nan yadi biyu daga Kantin Kwari ya isa labule, kuma in an zaɓi mai fure, baƙi za su ɗauka yayi ne.

Tayil a manna shi bayan murhu da wurin wanke-wanke kawai, sauran bango a shafa fentin mai, wanda tsumma ke goge masa hayaƙi. Ka ƙara kwali ɗaya a kan lissafi. In ka koma bayan wata shida neman irinsa, ko dai ya ƙare, ko launin ya sauya, mai shago kuma zai rantse hasken shagon ne.

A nan zan ɗan ajiye raha. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwantawa, don haka kicin yana bukatar taga da wata kafa ta ƙasa. Ana gwada tiyo da kumfar sabulu, ba da ashana ba. Kurfoti kuma kada a kyautar da shi don an sayi tukunyar gas. Ranar da ta ƙare ana tsakiyar tuƙa tuwo za a neme shi. Amma gawayi a tsakar gida ake hura shi, ba a rufaffen ɗaki ba.

Kada ka fara aikin ana saura mako biyu azumi. Matar da ta soya ƙosan buɗa baki a tsakar gida, tsakanin tulin yashi da baro, ba za ta manta ba, kai ma ba za a bari ka manta ba.

Kwanukan jere da samirun da suka cinye rabin wurin, waɗanda ba a taɓa dafa ko ruwan zafi a ciki ba tun ranar kai amarya, kada ka ce a rage su. Hajiyarta ce ta saya. Ka sa a ƙara kanta ɗaya can sama, ka yi shiru. Sannan ka auna firij kafin a zuba kankaren nan, tsayi da faɗi, har da wurin buɗe ƙofarsa, in ba haka ba zai ci gaba da zamansa a falo kusa da talabijin.