Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kofin Gahawan Winterfell

Malam Kofi,

Ina fatan kana lafiya a duk bolar da ka yada zango. Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda suka hana idonsu barci ranar 5 ga Mayu, 2019, domin ƙarfe 9 na daren Amurka ƙarfe 2 na dare ne a wurinmu, muna jiran kashi na 4 a zango na 8 na Game of Thrones. Gaskiya ɗaya ce, ni ban gan ka ba a kallon farko. Sai da gari ya waye na tarar an zagaye ka da jan layi a Twitter kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Na koma wajen minti na 17, sai ga ka zaune daram a gaban Daenerys, da murfinka da komai, tsakanin kyandirori da ƙahonnin shan giya. Tormund yana ta kurara Jon Snow, sarauniya tana cika tana batsewa, kai kuwa ko a jikinka. Ɗan gayyar soɗi mai natsuwa irinka ban taɓa gani ba.

Na rubuto ne in ba ka haƙuri, don an bar jaki an daki taiki.

Tuna abin da ya faru mako ɗaya kafin bayyanarka. An kwashe dare 55 ana ɗaukar yaƙi da rundunar matattu, aka kawo mana shi baƙi ƙirin. Na kashe fitila, na ƙure hasken wayata, na ƙanƙance ido, abin da na iya gani fuskata ce a gilashi. Da jama'a suka yi ƙorafi, mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya ce mutane ne ba su iya saita talabijinsu ba. To madalla. Da a wannan daren ka shigo, da ko tukunyar mai shayi aka girke a tsakiyar fage babu mai gani. Kai kuma sai ka jira aka kunna kyandir.

A kashin da ka fito, an harbo Rhaegal daga sama, dodon da muka raina tun yana ƙwai, wai jiragen ruwan Euron sun ɓuya a bayan dutse, kuma Daenerys mai shawagi a sararin sama ba ta hango su ba. Bayanin David Benioff, ɗaya daga cikin masu shirin, shi ne kusan mantawa ta yi da su. An sare kan Missandei. Jon ya rabu da kerkecinsa Ghost, wanda ya rasa kunne a yaƙi, ko shafa kansa bai yi ba. Wannan na ƙarshen har yau yana min ciwo, don ko akuyar gida za ka sayar ai ka waiwaya.

Duk wannan an bar shi yadda yake. Kai kaɗai aka hukunta. HBO, tashar da ta kawo shirin, ta fito da raha, wai kuskure ne, shayin ganye sarauniya ta yi oda, sannan cikin kwana 2 aka goge ka da kwamfuta. Shirin da aka kashe wa kowane kashi na wannan zangon dala miliyan 15 ya nuna mana cewa ya iya gyara cikin gaggawa, in dai abin gyaran kofi ne. Sama da mutum miliyan ɗaya da rabi suka sa hannu a takardar neman a sake zangon gaba ɗaya, shiru kake ji.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, wahala taka, suna na wani. Duniya ta yi ta kiran ka ɗan gidan Starbucks, suka sha talla kyauta, alhali masu shirin sun ce ba daga can ka fito ba. Sannan aka shiga neman ubanka a cikin 'yan wasan. Sophie Turner ta nuna Emilia Clarke, daga baya ta nuna Kit Harington. Emilia ta je shirin Jimmy Fallon ta ce Conleth Hill ne ya amsa laifi. Wato wanda ya fito a matsayin Varys, sarkin leƙen asirin masarautu bakwai, mutumin da ya san abin da kowa ya raɗa a ɗakinsa, shi ne bai san inda ya ajiye kofinsa ba. Benioff da abokin aikinsa Weiss kansu suna cikin walimar da ka bayyana, da gemun aro, ga darakta, ga mai kwantiniti, ga masu tace hoto, duk ka wuce ta gabansu salin alin. Da a Kannywood aka yi haka, da har yau ana yi mana gori.

Ƙannenka ma sun biyo sawunka. Ranar 19 ga Mayu, a kashin ƙarshe, ana tsaka da zaɓen sabon sarki, sai ga robar ruwa a bayan ƙafar Sam, ga wata kusa da ta Davos. A wannan zaman ne Tyrion ya ce a naɗa wanda ya fi kowa labari mai daɗi, aka ɗauko Bran, wanda zango na 5 gaba ɗaya ba a gan shi ba. Ni da ina wurin, sunanka zan ambata.

In ka haɗu da robobin nan biyu, ka gaishe min da su.

Naka,
Wani mai kallo da har yanzu yake bin HBO bashin barci