Ire-iren Masu Zarar Karta

Kwalin karta yana ɗauke da kati 52, rabi ja rabi baƙi, da sarakuna 4 a ciki. Zara kuwa iri biyu ce. Idan aka zaro kati aka mayar, aka sake cakuɗawa, zara ta biyu ba ruwanta da ta farko, kowace zaman kanta take yi. Idan kuwa aka ajiye katin a gefe, ta biyu ta dogara da ta farko, domin kwalin ya ragu. A kan wannan ɗan bambanci ne 'yan karta suka rabu gida-gida.

Mafi yawa shi ne Mai Bin Bashi. Da ja ya fito sau 5 a jere sai ya gyara zama, ya rantse cewa yanzu kam dole baƙi ya biya. In ana mayar da kati, yiwuwar baƙi tana nan rabi, ko da ja ya kwana yana fitowa, don karta ba ta da littafin bashi. Abin takaici shi ne wani lokaci yakan dace da gaskiya. In ba a mayarwa, saura kati 47, baƙaƙe 26 jajaye 21, baƙi ya ɗan rinjaya ke nan. Shi dai bai san dalili ba, kuma bai taɓa tambaya ko an mayar ba.

Kishiyarsa Mai Zafin Hannu ne. Ya zaro sarki, yiwuwar 1 cikin 13, sai ya hura wa yatsunsa iska, ya hana kowa taɓa masa kafaɗa. In ba a mayarwa, sarkin da yake fahariya da shi ne ya rage masa rabo: saura 3 cikin 51, wato 1 cikin 17. Sarki biyu a jere 1 cikin 169 ne in ana mayarwa, 1 cikin 221 in ba a mayarwa.

Akwai kuma Sarkin Zargi, wanda ke tayar da jijiyar wuya idan aka cire kati ɗaya a kife kafin a zo kansa, wai an ɗauke masa sarki. Muddin ba wanda ya ga katin, yiwuwarsa tana nan 1 cikin 13, kamar ba a cire komai ba. Lissafin yana sauyawa ne ga wanda ya gani kaɗai, shi ya sa Mai Dogon Wuya, gwanin leƙe, yakan zaɓi zama kusa da mai raba kati.

Malam Ƙidaya ba ya hira, ba ya dariya, leɓɓansa ne kawai ke motsi. Duk katin da ya faɗi yana cire shi a zuci, ya san abin da ya saura. Lissafinsa daidai ne, amma yana aiki ne kawai a zarar da ba a mayarwa. Maganinsa a wurin 'yan wasa shi ne a tattara kartar a sake cakuɗawa tun bai gama ƙirga ba.