Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Tabar Castro

Labarinka ya riga ka zuwa Kano. An ce ka fito ƙofar gida a Tudun Wada bayan la'asar, ka harɗe ƙafa a kan kujera, ka danna wata murtukekiyar tabar ganye a baki, kana gaya wa 'yan majalisa wai Cohiba ce 'yar ƙasar Kyuba. Ka ce kuma ba gama-gari ba ce, wadda aka yi ce ta musamman don bikin cikar sunan shekara 50, wani amininka ya yo maka tsarabarta daga Dubai. To sannu, Castro na Zazzau.

Zo ubangidanka ya koya maka lissafi, tunda mu Kanawa da shi aka yaye mu. An fara naɗa Cohiba a 1966, kuma Fidel Castro kaɗai ake yi wa, sai manyan baƙin da ya ga dama ya ba. Sai a 1982 aka sake ta a kasuwa. Da ta cika shekara 50 a 2016, akwati 50 kacal aka yi na bikin, kowane da kara 50. Kara 2,500 ke nan a duk faɗin duniya. Akwati na farko an yi gwanjonsa a birnin Habana a kan Yuro 320,000, wato kara ɗaya ya tashi Yuro 6,400. Yanzu don Allah gaya mini, cikin attajiran Landan da sarakunan man Larabawa, wa ya haƙura da rabonsa aka kawo maka Tudun Wada? Kai da mai shayi ke bi kuɗin burodi tun azumin bara?

Ko ta bikin shekara 40, Behike, da aka fitar a 2006, kara 4,000 ce kawai, kuma mace ɗaya ce ta naɗe ta duka da hannunta, Norma Fernández, a masana'antar El Laguito. Abin da ake ji da shi haka shi ne ka zaro daga aljihun kaftani, tare da goro da kuɗin acaɓa.

A nan ma asirinka ya fara tonuwa. Masu wannan harka a akwatin katako na musamman suke ajiye ta, inda laimar iska ke kusa da kashi 70 cikin ɗari, don kada ganyen ya bushe. Kai kuwa ta kwana uku a aljihu cikin hunturun Zariya, wanda ke tsaga leɓen mutum balle ganye. Wanda ya gani da idonsa ya ce fatar bayanta ta dare tana kwaɓewa, kana liƙe ta da yawu. Kan da ake yankewa da 'yar wuƙa ta musamman, kai haƙori ka sa ka gatsa, ka yi ta tofar da ɓurɓushi a gaban baƙi. Ashana kuwa sai da ka kusa ƙarar da kwali kafin ta kama, ta kama ɗin ma gefe ɗaya ke ci.

Sai babban abin kunya. Ita wannan taba ba a haɗiye hayaƙinta. A baki ake juya shi a fesar, a riƙa zuƙa jefi-jefi, kara ɗaya ya kai mutum awa guda ko fiye. Kai kuwa ka ja ta har ƙirji kamar mai shan fura da ludayi. Idanu suka yi jajir, hula ta faɗi, tari ya turnuƙe ka har maƙwabta suka leƙo ko a kawo ruwa. Da ka farfaɗo sai ka ce wai kana jin ƙamshin koko da zuma a cikinta. Yaran da ke wajen sun ce su dai ƙaurin bola suka ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kai ɗan garin taba ne. Tun kafin a samu 'yancin kai akwai masana'antar sigari a Zariya, manoman ƙasarku sun daɗe suna shanya ganyen. Da a ce Bakano aka yi wa wannan sakiyar sai in ce bai san kaya ba. Amma Bazazzagi a naɗe masa ganyen da ba a san gonarsa ba, a ɗaura masa ɗan zoben takarda mai ruwan ɗorawa da baƙi, a ce daga Vuelta Abajo ta fito, gonakin Pinar del Río da duniya ta sallama wa, shi kuma ya ce na'am? Jabun Cohiba ya cika duniya, har a titunan Habana ana tallata shi ga 'yan yawon buɗe ido. Amininka ko dai an cuce shi, ko kuma ya san wanda zai kawo wa tsarabar.

Mu ɗauka ma ta gaske ce. Me ka samu? Mu idan muka zuba kuɗi a kaya, a Kantin Kwari muke kasa su mu jira riba. Kai ka cinna wa naka wuta, ka zauna kana kallon toka tana tsawo kana murmushi. Shi kansa mai tabar, Castro, ya ajiye ta a 1985, ya rayu har shekara 90. Kuɗin gwanjon da ake yi a bikin taba na Habana kuwa asibitocin Kyuba ake kai wa, ka ga su ma sun san inda hayaƙin ke kai mutum. Rashin haɗiyewa ba ya hana ta aiki: kansar baki da ta maƙogwaro ba sa tambayar kuɗin kara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara.

Ni kuwa ba ni da niyyar rasa bawa, don samun irinka mai ba da dariya kyauta sai an tona. Guntun da ya rage ka jefa a kwata, ka wanke baki, ka biya mai shayi kuɗinsa. In sha'awar burga ce ta motsa, zo Kano in saya maka gurasa da tsire a bakin Kasuwar Kurmi, ka ci a gaban jama'a ka koma gida da lafiyarka. Ku kuma sauran Zage-zagi, ku riƙa sa masa ido a aljihu.

Naka,
Ubangidanka Bakano