Ta Hagu Ake Bi a Je Dama: Kwanar Babur da Zaɓen Taya a Agadas

Babur da ke gudu ba ya bin inda aka murɗa masa kai. Mai son cin kwanar dama sai ya fara tura hannun dama na kan babur gaba, wato ya ɗan kau da tayar gaba zuwa hagu, babur ya kwanta dama, sannan ya shiga kwanar. Kowane ɗan kabu-kabu a Agadas yana yin haka tun asuba har dare, daga tasha zuwa kasuwa, amma in aka tare shi aka gaya masa, sai ya rantse da abincinsa bai taɓa yi ba. Wani ya ce da ƙugu yake juyawa, wani ya ce da kafaɗa, wani ma ya ce babur ɗin ne ya san hanya. Hannuwansa sun iya abin tun yana yaro a kan keken haya, shi ne dai ba su sanar da shi ba.

Dalilin ba mai nisa ba ne. Abin hawa mai taya biyu, ɗaya gaban ɗaya, ba ya cin kwana sai ya kwanta ta gefen da zai bi, in ba haka ba gudu ya watsar da shi waje. Wanda ya taɓa tsayar da taɓarya a tafin hannu ya san yadda ake kwantar da abin da ke tsaye: in yana son ta faɗi dama, hagu zai ja hannunsa. Da tayar gaba ta kauce hagu, sai ta bar nauyin babur da na mai shi ba madogara, nauyin ya rinjaya dama. Duka bai kai sakan ɗaya ba. Babur na kwanciya, tayar gaba ta dawo da kanta ta kama kwanar. In an zo fita, sai a tura ɗayan hannun, babur ya miƙe. A lungunan tsohon gari, bayan babban masallaci mai hasumiyar laka, inda gudu bai fi na mai sauri da ƙafa ba, ba a jin wannan, don a can murɗa kai ake yi ana jan ƙafa a ƙasa. Daga wajen kilomita 20 a awa abin ke fitowa fili.

Yawan kwanciyar kuma ba jarumtar mai babur ke yanke shi ba, gudu ne da faɗin kwana. Kwanar da ke da mita 50 daga tsakiyarta zuwa bakinta tana neman kwanciyar digiri 8 kawai a gudun kilomita 30. A kilomita 60 tana neman kusan digiri 30, domin in an ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ke jan babur waje ninkuwa yake sau huɗu. Kwana ba ta ragi, ko da mutum ya makara zuwa ɗaurin aure.

Musun da ’yan kabu-kabu ke yi ba su suka fara shi ba. Wilbur Wright, ɗaya daga ’yan’uwan nan biyu na Amurka da suka tashi jirgin sama a 1903, sana’arsu kafin nan kekuna ce, kuma ya rubuta cewa ya tambayi mahaya keke da dama yadda suke juyawa hagu, bai sami ko ɗaya da ya faɗi daidai a tambayar farko ba. A 1981 Harry Hurt ya fitar da rahoton haɗurran babur 900 da aka bincika a Los Angeles, ya nuna cewa yawancin waɗanda abin ya rutsa da su ba su iya kauce wa abin da ke gabansu ta wannan hanya ba. Shi kuwa Keith Code, malamin tuƙin tsere a Kalifoniya, gajiya ya yi da gardamar ɗalibai, ya ƙera babur mai kai biyu: ɗaya na gaske, ɗaya an kafe shi a jikin babur, ba ya juya taya. Ɗalibi ya kama kafaffen, ya karkata, ya yi lilo, ya zuba duk nauyinsa gefe guda, babur dai kusan miƙe yake tafiya abinsa.

A Agadas jaki ne ke yin wannan jarrabawa, kuma kyauta. Sabon mai babur ya fito hanyar Arlit, babbar riga na kaɗawa, sai ga jaki tsaye tsakiyar kwalta yana tunanin duniya. Ta hagunsa fili ne, ta damansa fili ne, har mota za ta wuce. Mai babur ya kafa wa jakin ido. Hannuwansa suka sandare, ya danna oda, jaki ya kaɗa kunne ɗaya. Hankali ya ce masa kauce dama, ya fizgi kan babur zuwa dama, babur ya kwanta hagu bisa ƙa’ida, ya nufi jakin kamar da alkawari. Bayan ƙura ta lafa akan tarar da hula a wuri ɗaya, takalmi a wani, jakin kuma ya matsa taku biyu ya ci gaba da tunaninsa. Kuskure biyu ne a nan. Na farko fizgar baibai, na biyu kuma ido, don hannu inda ido ya kafu yake kai babur, shi ya sa ake koya wa mai tuƙi ya dubi filin da zai bi, ya bar jakin. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar dogon bayani kan haka. Iccen Tenere shi kaɗai ne tsaye cikin hamada, ana cewa sai an yi tafiyar kilomita 400 kafin a ga wani, amma a 1973 wani direban babbar mota ya samo shi ya buge. Gangar jikinsa na gidan tarihi a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Wanda ya saba da adaidaita sahu ya koma babur yana cikin haɗari na musamman, don mai ƙafa uku ba ya kwanciya, inda aka murɗa nan yake bi. Akwai kuma fasinja mai taimako, wanda da ya ga babur ya kwanta dama sai ya karkata hagu don ya tsamo su daga halaka. Ɗan kabu-kabu yakan ce, “Alhaji, don Allah zauna kamar yadda ka hau.” Alhaji ya ce, “Yaro, ba don ni ba da tuni mun faɗi.”

Cikin rairayi, kamar a gindin koramar Telwa ko hanyar Dabaga da Timia, ƙa’idar ba ta canja ba, sai dai taya ba ta da abin kamawa sosai, kwanciyar digiri 30 kuwa sai ta zama kwanciya ta gaske. Ana mai da nauyi baya, a sassauta riƙon kai, a riƙe totur daidai. Mai tsoro yakan saki totur ko ya damƙe birkin gaba, tayar gaba ta nutse, shi kuma ya ƙarasa tafiyar ta sama. Tseren Paris-Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro bayan ya ɓata da babur a hamada a 1977, ya ratsa Agadas tun karonsa na farko a farkon 1979, kuma Cyril Neveu ne ya ci a kan Yamaha XT500. Don irin wannan tsere Michelin ya fito da soson roba da ake cusawa cikin taya maimakon iska, ƙaya ta soka ta gaji.

Duk wannan lissafi a kan taya yake sauka. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, ta babur kuwa mai doro ce, don ta mirgina gefe a hankali idan babur ya kwanta. Tayar baya da ta sha miƙaƙƙiyar hanya, kamar ta Damagaram, tsakiyarta ke cinyewa ta bar kafaɗu biyu. Irin wannan tana ƙin kwanciya, tana ƙi, sannan ta faɗa kwana gaba ɗaya, mai babur ya ce an yi masa sammu.

Abin da mai saye ke buƙata yana rubuce a gefen taya, ko da yake an fi yarda da matsa ta da babban yatsa. In an ga 3.00-18, faɗinta inci 3 ne, kuma ta wili mai inci 18 ce. Ba ta zama a na 17 ko da mai shago ya ce za ta saba. Lamba da harafin da ke biye, kamar 48P, nauyi ne da gudu: 42 na ɗaukar kilo 150, 48 kilo 180, 52 kilo 200, harafin L iyakarsa kilomita 120 a awa, P kuma 150. Mai ɗora buhu biyu na albasar Abzin, da ɗan’uwansa, da tunkiya a tsakiya, ya kamata ya yi wannan lissafi kafin taya ta yi masa. Akwai lambobi huɗu na haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, zafin Agadas kuma, da ke haura digiri 40 a watan Mayu, yana gaggauta mata, don haka tayar da ta shekara biyar rataye a rana sabuwa ce a bakin mai shago kawai. Akwai kibiya mai nuna inda za ta juya, wadda yaron mai faci kan ɗauka ado ce.

Zane kuwa hanya ke zaɓensa. Mai manyan haƙora tana cizon rairayi da burji, amma a kwalta tana kuka, tana saurin cinyewa, kuma a kwana haƙoran gefe na lanƙwasa. Mai ƙananan zane ta fi riƙe kwalta, a rairayi kuwa sai ta yi ta juyi wuri ɗaya tana yi wa na baya wanka. Wanda rabin tafiyarsa gari ne rabi daji, mai matsakaitan haƙora ta fi masa. Wili mai sifok yawanci da tiyub yake aiki, kuma a ƙasar ƙaya hakan na da daɗi ɗaya, ko’ina akwai mai faci. Rashin daɗinsa shi ne ƙaya na shiga iska ta fice lokaci guda. Marar tiyub a hankali take sacewa, amma in wilin ya lotse a duwatsun Abzin ba ta ƙara riƙe iska. In zane ya goge har ya yi daidai da ’yan tudun da ke cikin kwarinsa, tayar ta gama aiki, ko da mai ita bai gama biyan bashinta ba.

Iska da safe ake aunawa, taya na sanyi, don zafi na ƙara mata ƙarfi. Wanda ya auna da azahar ya rage, gobe da asuba zai tarar ta yi laushi. Tayar gaba mai ƙarancin iska tana sa kan babur nauyi, sai an tura da ƙarfi kafin ya kwanta. Ana rage iska da gangan a rairayi don taya ta baje, amma dole a mayar kafin a hau kwalta, in ba haka ba ta yi zafi, ko dutse ya matse tiyub ya huda shi wuri biyu. Ma’aunin da ya fi yawa a bakin titi shi ne sifana: mai faci ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai ya saurara, ya ce, “Maigida, ta yi.” Adadin da ya dace yana cikin littafin babur ko a ’yar takardar da ke manne kusa da sarƙa, ta baya kuma takan fi ta gaba, musamman da kaya. Sabuwar taya tana da santsi a kilomita 100 na farko, kafin kwalta ta kankare mata fuska, kuma daidai lokacin ne mai ita ke son ya zagaya gaban majalisa ya kwantar da babur abokai su gani.